Yadda Za Ka Haɗa Sandar Gem Irin ta Akeid da Hannunka

Tambaya ɗaya ce masu son tsofaffin gem ke ta maimaitawa: Street Fighter II da King of Fighters da Metal Slug duk suna tashi lafiya a kwamfuta, amma da hannun PlayStation ko kibod ba sa daɗin bugawa, to ta yaya mutum zai samu sanda da manyan maɓallai irin na injin akeid, wato injin gem na jefa kwabo, ba tare da ya kashe kuɗin sayen na kamfani ba? Ka haɗa da kanka. Duk wanda ya iya riƙe sukuddireba zai iya, kuma idan ka bi hanya mafi sauƙi ko dalma ba za ka narka ba. Abin da ya fi ɓata wa mutane aikin nan shi ne ɗokin huda katako tun kaya ba su iso ba. Shi ya sa huda ta zo can a mataki na shida, kuma ina roƙonka ka bar ta a can.

1. Wane gem, a kan wace na'ura

Amsar wannan ita ce za ta faɗa maka yawan maɓallai da irin bod ɗin da za ka saya, wato ɗan allon lantarkin da ke kai saƙon sanda da maɓallai ga na'ura. Street Fighter II na 1991 maɓalli shida yake so, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Gem ɗin injin Neo Geo, irin su King of Fighters da Metal Slug, huɗu suke so, Tekken ma huɗu, Mortal Kombat na farko biyar. Da shida za ka buga kusan duk wani tsohon gem, kuma ni shida nake ba da shawara. Takwas na da amfani ga mai buga gem ɗin zamani, amma sabon shiga yakan riƙa zamewa kan biyun ƙarshe ba da niyya ba. Ka ƙara ƙanana biyu ko uku: na farawa, na jefa kwabo, da na fita daga gem.

Idan kwamfuta ce ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, kowane bod na USB zai yi. PS4 da PS5 da Xbox kuwa suna tantance hannun da aka jona masu, bod mai araha ba ya wucewa. A nan sai an nemi irin na kamfanin Brook, wanda kuɗinsa kaɗai kan kai na sauran kayan gaba ɗaya.

2. Sayayya

Sanda. Idan akwai inda za ka saki hannu, nan ne. Wadda aka fi amfani da ita ita ce Sanwa JLF-TP-8YT ta ƙasar Jafan, tana da laushi kuma ana samun kayan gyaranta ɗaya bayan ɗaya. Seimitsu LS-32 ta fi ta tauri, tafiyarta gajera ce, masu gem ɗin harbin jirage sun fi son ta. JLF ta asali takan kama dala 25 zuwa 30.

Maɓallai. Iri uku ne, kuma kaurin murfin akwatinka ne ke zaɓa maka:

Sanwa OBSF-30 yana shiga rami mai faɗin milimita 30, yana maƙalewa da kunnuwa biyu na roba. Murfi siriri yake so, milimita 2 zuwa 4. OBSN-30 girmansu ɗaya amma da noti ake ɗaure shi ta ƙasa, yana ɗaukar murfi mai ɗan kauri wanda bai kai santimita ɗaya ba. Sai irin na Amurka, Happ ko IL, dogaye masu lotsattsen kai, raminsu milimita 28, su ne ke shiga katako mai kaurin milimita 18 kai tsaye. Ƙananan na farawa da kwabo milimita 24 ne, wato OBSF-24. Maɓallin Sanwa ɗaya yakan kama dala 3 ko kusa da haka.

Bod. Mafi sauƙi shi ne wanda ake sayarwa da sunan Zero Delay. Yana zuwa da wayoyinsa da kebul, sai dai ka soka kawai, kuɗinsa bai cika wuce dala 10 ba. Na biyu shi ne Raspberry Pi Pico, wanda farashinsa na kamfani dala 4 ne, a ɗora masa manhajar GP2040-CE ta kyauta. Ya fi saurin amsawa nesa ba kusa ba, Windows na karɓarsa a matsayin hannun Xbox, yana kuma aiki a Switch da PS3. Sai dai yana son ɗan aikin dalma. A karon farko ka fara da Zero Delay, ranar da ka ƙoshi da shi ka canza, akwatin da maɓallan ba za su canza ba.

Hattara wajen oda: kan wayoyin Zero Delay iri biyu ne. Ƙafafun maɓallan Jafan milimita 2.8 ne, na Amurka 4.8. Idan ka ɗauko wanda ba shi ba, ko ya ƙi shiga ko ya riƙa sulɓewa. Ka kuma tabbatar akwai waya mai baki biyar ta sanda a cikin kunshin.

Akwai kunshin kwaikwayo da ake sayarwa a AliExpress, sanda da maɓallai da bod duka a kan dala 20 ko makamancin haka. Ba laifi ga mai koyo, tunda yawancinsu girmansu ɗaya da na Sanwa, daga baya za ka iya musanya sandar ba tare da sake huda ba. Amma duk inda ka ga an rubuta Sanwa a kan sandar dala 6, ka san ba ita ba ce. Na ba da lissafin da dala ne saboda naira da sefa ba sa zama wuri ɗaya, kuma kada ka manta da kuɗin kawowa.

3. Kayan aiki

Injin huda, da bakin yanka da'ira na milimita 30 da na 24 da wani mai faɗin 35. Sukuddireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, rula ta ƙarfe, sanfefa, salatif, da mita mai yin ƙara idan waya biyu sun haɗu. Mita da dalma da ƙarfen narka ta duk ana samunsu wajen masu sayar da kayan gyaran waya, irin su kasuwar Farm Centre a Kano. Injin huda ba sai ka saya ba. Kai wa kafinta, amma ka tsaya a kansa, ka kuma kai masa maɓallin da kansa ya gani. Yawancin bakin huda da ke hannun kafintoci da inci aka auna su, kuma inci ɗaya da kwata ya kusa milimita 32, maɓallin zai riƙa rawa a ciki.

4. Haɗa komai a kan tebur

Kafin ka taɓa katako, baje kayan a kan tebur ka jona su tsirara. Soka wayar kowane maɓalli a bod, soka ta sanda, haɗa kebul da kwamfuta. A Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, buɗe hannun da ya bayyana. Duk maɓallin da ka danna lambarsa za ta yi haske, sanda kuma za ta motsa alamar da ke cikin akwatin gwaji. Gwada kusurwoyi takwas duka.

A nan ne za ka gane maɓallin da ya zo a mace tun ana iya yin ƙorafi ga mai sayarwa. A nan ne kuma za ka gane ta wace fuska sandar za ta zauna. Ka tuna sandar tana juyawa ne a kan tsakiyarta: idan ka tura kai sama, gindin ƙasa yake yi, don haka makunnin da ke ɗaukar "sama" yana ɓangaren da ke kusa da cikinka. Juya ta har sai sama ta zama sama, sannan ka zana kibiya da maka a kan farantin ƙarfenta.

Hattara: idan ɓangare ɗaya kaɗai ke aiki, ko wasu kusurwoyi ba sa ɗauka sai an haɗa su da wani, ba sandar ce ta lalace ba. Wayar mai baki biyar ce aka soka a juye. Cire ta ta ɓangaren sanda, juya, mayar.

Mai Pico kuwa, ya danne ɗan maɓallin BOOTSEL yana soka kebul, bod ɗin zai bayyana kamar filas, sai ya jefa fayil ɗin GP2040-CE mai ƙarewa da uf2 a ciki. Idan bai bayyana ba, kafin ya zargi bod ya canza kebul, domin da yawa daga kebul ɗin caji ba sa ɗaukar bayanai.

5. Gwada tsari a kwali

Tsarin maɓallai biyu ne suka fi shahara, na injin Astro City na Sega da na Vewlix na Taito. Dukansu layin a lanƙwashe yake, yana bin tsayin yatsu, kuma ana samun zanensu kyauta a shafin slagcoin. Ka kai shagon buga takardu a buga maka a ainihin girmansa, kashi 100. Da an miƙo maka ka ɗora rula a kan da'ira ɗaya, in ba milimita 30 ba ce a sake bugawa. Firinta kan rage zane da kanta don ya shiga takarda, kuma ragin milimita biyu ya isa ya sa bakin maɓallai su hau juna.

Manna zanen a kan kwali mai ƙarfi, yanke ramukan, zura maɓallan, ɗora hannu ka yi kamar kana bugawa. Duba abu biyu. Tazarar sanda da maɓallin farko: idan hannayenka suna gogar juna, matsar da sandar hagu. Sai wurin ajiye tafin hannu a ƙasan maɓallai, a bar masa aƙalla santimita 8. Mutane da yawa suna saka maɓallai a tsakiyar murfi don ya yi kyau a ido, sai wuyan hannu ya riƙa rataye a bakin akwati, bayan rabin awa ya fara ciwo.

6. Akwati da huda

Girman da ke zama daidai a cinya shi ne kimanin santimita 35 a faɗi, 22 daga gaba zuwa baya, zurfin ciki 5 zuwa 6. Masu maɓallan Amurka su ƙara zurfi. Bango a yi shi da katako mai kauri, gindi kuma a ɗaure shi da sukuru, kada a sa masa gam ko ƙusa, domin ta nan za ka riƙa shiga gyara.

Murfi shi ne zuciyar aikin, saboda tsayin sanda. A injinan Jafan, tsakanin saman murfi da ƙasan ƙwallon sanda milimita 23 zuwa 24 ne. Don JLF ta ba da wannan tsayin, farantin ƙarfenta ya kamata ya zauna kimanin milimita 8 zuwa 9 ƙasa da saman murfi. Idan ka ɗaure ta a ƙarƙashin katako mai milimita 18, rabin wuyan ya nutse, yatsunka ba za su samu wurin shiga ƙarƙashin ƙwallon ba. Idan kuma a ƙarƙashin siririn ƙarfe ka manna ta kai tsaye, ta yi tsayi da yawa, tafiyarta ta yi nisa.

Hanyar da na fi so ita ce murfi mai hawa biyu. Na sama milimita 3, na roba mai kama da gilashi irin ta masu allon talla, ko siririn MDF, wato katakon da ake yi da matsattsen garin katako. Na ƙasa falanki mai milimita 6. Uku da shida tara, tsayin sanda ya fito da kansa ba tare da rarake komai ba, kuma kunnuwan OBSF suna kama hawan sama daidai. Jerin aikin shi ne:

Haɗa hawa biyun wuri ɗaya ka matse su, manna zanen a sama, huda tsakiyar kowace da'ira da siririn baki har ya ratsa duka biyun. Raba su. A na sama yi ramukan maɓallai da milimita 30, na sanda da 24. A na ƙasa ramin sanda 24 ne shi ma, amma na maɓallai ka buɗe su zuwa 35 don kunnuwan su samu wurin buɗewa. Ramukan za su kusa haɗewa, ko ma su haɗe, ba komai. Sai ka sa ɗan katako a gicciye ta ƙasa, tsakanin sanda da maɓallai, don kada murfin ya riƙa lotsawa idan wasa ya yi zafi. Ƙananan maɓallai a jikin bango na baya ko gefe suka fi dacewa, inda hannu ba zai taɓa su a tsakiyar faɗa ba.

Hattara: kada ka riƙe abin da ake hudawa da hannu. Bakin da'ira yakan cije ya juya katakon da ƙarfi. A matse shi a jikin tebur, a sa wani katako a ƙarƙashi. Robar sama kuma tana tsagewa idan an matsa mata, kada ka ɓare ledar da ke jikinta sai an gama, a tafi a hankali, a riƙa ɗagawa tana hucewa. A falanki, huda rabi ta sama ka ƙarasa ta ƙasa, bakin ramin ba zai farfashe ba.

Wanda ba shi da sai katako mai kauri guda ɗaya, ya sa kafinta ya rarake gurbin farantin sanda ta ƙasa har saura milimita 9, ya rarake wurin maɓallai ma, ya yi amfani da masu noti. Ya dai auna tukuna, domin notin OBSN yana da faɗi, a tsari mai matsi sukan taɓa juna.

7. Ɗaura sanda da maɓallai

A gindin ƙarfen sanda akwai tsaga. Sa sukuddireba mai baki ɗaya a ciki ka riƙe, sannan ka kwance ƙwallon da ɗaya hannun. JLF na zuwa da baƙaƙen faya-fayen roba biyu masu tare ƙura, ɗaya yana zama a ƙarƙashin murfi a kan jikin sandar, ɗaya a sama. Sa duka biyun.

Ɗora farantin a ƙarƙashin falanki kibiyarka tana kallon gaba, daidaita ƙarfen a tsakiyar rami, yi alamar ramuka huɗu. Yi amfani da bol M4 masu shafaffen kai, a nutsar da kawunansu cikin falankin, noti da washa ta ƙasa. Hawan sama zai rufe su. Sukurun katako a falanki mai milimita 6 ba ya daɗewa yake saki. Kafin ka ƙarasa ɗaurewa, kaɗa sandar zagaye ka tabbatar ba ta gogar bakin rami ta kowane ɓangare.

Maɓallai kuwa ka juya su yadda ƙafafunsu duk za su kalli fuska ɗaya, sannan ka danna su ta gefen baki har ka ji sun kama.

Hattara: kunnuwan OBSF ba sa jure yawan cirewa. In za ka fitar da ɗaya, matse kunnuwan biyu a hankali ka turo shi ta ƙasa, kada ka ɓanɓaro shi ta sama.

8. Wayoyi

A maɓallin Jafan ƙafa biyu ce, kowace waya ta shiga kowace ƙafa. Na Amurka makunninsa ƙafa uku ne: COM da NO da NC. Naka su ne COM da NO. Idan ka sa a NC, kwamfuta za ta ga maɓallin a danne kullum, sai ka danna ta ga ya saki.

A Pico, ƙafa ɗaya ta kowane maɓalli tana zuwa nata fil ɗin, ɗayar kuma ana jera su duka a waya guda daga maɓalli zuwa maɓalli har GND, wato fil ɗin negatif. A tsarin da manhajar ke zuwa da shi, GP2 sama ce, GP3 ƙasa, GP4 dama, GP5 hagu, maɓallai su biyo baya daga GP6. Idan ka riƙe maɓallin farawa kana soka kebul, ka buɗe 192.168.7.1 a burauza, za ka iya sauya aikin kowane fil. Fil ɗin Pico wutar bolt 3.3 suke ɗauka, kada bolt 5 ta kusance su.

Hattara ga mai Zero Delay: kada ka kwaikwayi wannan jerin na GND. A yawancin waɗannan bod ɗin wayar da maɓallai suka yi tarayya a kanta mai wuta ce, bolt 5, ba GND ba. Bar kowane maɓalli da wayoyinsa biyu yadda suka zo, musamman in kana shirin ƙara fitilu.

Ɗaure bod a jikin bango da ƙananan sukuru, da 'yar roba a ƙarƙashi. Tattara wayoyi nesa da gindin sanda. Kebul kuma ka yi masa ƙulli ta ciki kafin ya fita rami, don in yaro ya taka shi ko an fizge, ƙullin ne zai sha, ba bakin bod ba. Sake gwadawa a joy.cpl kafin ka rufe gindi. Manna tsohuwar robar silifa ko ta tabarmar mota a ƙasa, kuma in akwatin ya yi sakayau ka ɗaure ɗan ƙarfe mai nauyi a ciki.

9. Saiti a cikin gem

A MAME, manhajar da ke buga gem ɗin akeid a kwamfuta, tayar da gem ka danna Tab, shiga saitin maɓallai na gaba ɗaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallake na kwabo, in babu shi gem ba zai fara ba. A RetroPie da Batocera, tsarukan buga tsofaffin gem da ake ɗora wa na'urori irin su Raspberry Pi, danne kowane maɓalli na ɗan lokaci tsarin zai tambaye ka sauran, wanda ba ka da shi ka tsallake. Idan maɓallai na aiki amma gem bai ga sanda ba a Zero Delay, jona maɓalli a bakin da aka rubuta MODE ka danna sau ɗaya.

Abu biyu ake ɗora wa sanda alhali ba laifinta ba ne. Gem ya ƙi tashi: fayilolin MAME sai sun dace da sigar MAME ɗin da kake da ita. Gem yana jinkirin amsawa: talabijin ce, shiga saitinta ka kunna yanayin gem. Mai son hanya mai tsabta ta fuskar haƙƙin mallaka, Capcom na sayar da tarin tsofaffin gem ɗinta a Steam, kasuwar gem ta intanet, kamar Street Fighter 30th Anniversary Collection na 2018, kuma bod mai GP2040-CE yana shiga su ba wahala.

10. Takunkumi, giris da ƙura

A gindin JLF akwai farantin roba da ke taƙaita tafiyar sanda, shi ne takunkumi, kunnuwa huɗu ne ke riƙe da shi. Wanda take zuwa da shi mai kusurwa huɗu ne. Sabon hannu yakan ji yana sarƙewa a lungu idan zai yi kwatar zagaye, sai ya yi saurin sayen mai kusurwa takwas, GT-Y. Ina ganin a ba mai huɗun makonni tukuna. Ba a son ka riƙa jan sandar a jikin bango, da ka ji ƙarar makunni umarni ya riga ya tafi. Kuma lungunan nan su ne ke taimakon mai buga Guile ko Blanka a Street Fighter ya riƙe ƙasa-da-baya ba kuskure.

Pac-Man da Donkey Kong da Dig Dug kuwa fuska huɗu kawai suka sani, da sanda mai takwas sai ka ga ɗan wasan ya ƙi shan kwana. Cire farantin, tura tsakiyarsa ka juya ta digiri 45, mayar. Yanzu lungunan sun koma sama, ƙasa, hagu da dama.

Lokacin hunturu ƙura takan shiga ta wuyan sanda ta haɗu da giris, sai ka ji tana ƙaiƙayi kamar da yashi a ciki. Cire ɗan kilif ɗin da ke gindin ƙarfen, ka tare shi da yatsa domin sifirin na tura shi kuma yana tsalle ya ɓace. Jera abin da ka ciro bi da bi, goge rabin ƙwallon robar da take juyawa a kai da gurbinsa, ka shafa giris na silikon ɗan kaɗan, irin Shin-Etsu G-501 ko Molykote 44. Kada ka sa baƙin mai, man keken ɗinki, basilin ko WD-40, suna tara ƙura kuma wasunsu na cin roba. Maɓallin da ya fara ɗauka sau biyu ko yana ƙin ɗauka, musanya wayarsa da ta maƙwabcinsa ka gwada. In matsalar ta tsaya a maɓallin, makunninsa ake canzawa, SW-68, ana sayar da shi daban. In ta bi wayar, matse kan wayar da filaya ya kama ƙafar da kyau.